Abin da Ban Gani Ba a Roma

Danau Kota, Kuala Lumpur

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko kuwa sai da kika sauka kika huta. Allah ya tsare hanyarki a sama da ƙasa, ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki. Amin.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki ɗan sha wuya, don tun kina firamare in na yi miki magana da Hausa, da Turanci kike amsa mini, in kin ga dama ki liƙa masa "lah" irin ta mutanen nan a ƙarshe. Ki daure ki karanta a hankali. Akwai maganar da in na yi ta da Turanci sai ta koma lacca, ni kuwa ba lacca nake so in yi miki ba. Mamanki ta riga ta gama da ke a kan sanyi da abinci da samari, ta kuma cusa miki yaji da daddawa a akwati har zif ya ƙi rufuwa. Nawa abu ɗaya ne, shi ne kishi. Shi na fi sani, don na daɗe ina zaune da shi, kuma a garin da za ki ne ya fi yi mini ɓarna. Yawancin abin da zan faɗa a gabanki aka yi shi. Kin gani da idonki, sai dai kina yarinya a lokacin, ba ki san sunansa ba.

Ke kin san Baba Ƙarami babban mutum ne mai aiki a Roma, mai yawan dariya, mai aiko miki da cakulan. Ni kuwa na san shi a ƙanena Yakubu tun yana yawo da gajeren wando a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, yana harbin tsuntsaye da danƙo. A gidanmu ni ne mai karatu. Ni ake kira in karanta wa Kakanki saƙo, ni ake ba nassi in karanta a majami'a ranar Lahadi. Yakubu sai da na riƙa zaunar da shi a gindin mangwaro ina bi da shi darasi darasi kafin ya ci jarrabawar gama sakandare, ita ma a zama na biyu. Na shiga jami'a na karanci tarihi don ina son sa. Shi ya karanci aikin gona don nan aka ba shi gurbi. Tun ina ɗalibi Roma ta shiga raina. Na san sarakunanta, na san tuddanta da gadojinta a taswira, na koyar da ita a allo shekara da shekaru, a Kaduna da kuma nan. Ban taɓa taka ta da ƙafata ba.

Wata rana ina zaune a mamak, shagon abincin nan da ke ƙasan gininmu, an kawo mini gurasar roti da shayi ke nan, sai waya ta shigo. Yakubu ne, cike da murna. Ya ce wata hukuma mai aikin abinci da noma ta ɗauke shi, kuma a Roma zai zauna. Ni ne mutum na farko da ya kira, ko matarsa Anti Rahila bai gaya wa ba tukuna. Ga abin da ya fito daga bakina: "To, madalla. Na dindindin ne ko kwantiragi?"

Ya ce kwantiragi ne, amma ana sabuntawa. Da na ji haka sai na ji wani sanyi a raina, na ci rotina da daɗi. Ƙanena ya kawo mini mafi girman labarin rayuwarsa, ni kuma abin da na fara yi shi ne laluben inda yake da rauni.

Saratu, duk ranar da wani ya zo miki da labarin farin cikinsa, ki lura da tambayarki ta farko. In kika ji tambayar tana neman inda abin ya gaza, ki haɗiye ta. Ki ce masa barka, ki bari ya gama murnarsa. Tambaya ba za ta lalace ba in ta kwana.

Shekarar da kika cika sha biyar ya gayyace mu. Shi da Anti Rahila suka ce mu zo hutu mu uku, su zaga da mu. Kin tuna yadda na yi kafin tafiyar. Na sake karance littattafaina, na gaya wa abokan aikina a kwaleji, na gaya wa rabin majami'armu ta Brickfields. A cikin jirgi na yi ta zana miki garin a bayan takardar goge baki, kina gyangyaɗi ina ta bayani. A raina na riga na gama tsara komai: Yakubu zai ba mu ɗaki da abinci, ni kuma zan ba ki Roma.

Tun a filin jirgi tsarin ya fara rushewa. Ya tare mu da rungumar nan tasa, ya juya ya yi wa direban tasi magana da Italiyanci, har da wasa, direban ya yi dariya. Na ga kin dube shi baki buɗe. Irin duban nan ne da kike yi mini kina ƙarama, in na gyara miki keke. Ban san na rasa shi ba sai da na gan shi a kan wani.

Da muka isa gidansu na shiga ina ƙare wa komai kallo. Na ga lif ɗin ƙarami ne, mutum uku ba sa shiga da akwati. Na ga kicin ɗin a matse yake. Na ga fenti ya ɗan ɓantare a kusurwar banɗaki. Muna shiga ɗakin da suka ba mu na ce wa Mamanki gidanmu na Danau Kota ya fi wannan fili nesa ba kusa ba. Ta ajiye jakarta ta ce, "Baƙunci muka zo, ko awon fili?" Sai daga baya na gane ɗakin nasu ne suka bar mana, su suna kwana a falo.

A wannan gidan za ki zauna yanzu. In kin shiga gidan mutum, ki fara ganin abin da ya ɗaga ya ba ki kafin ki ga abin da ya rasa. Idon da ya saba neman aibi ba ya ƙoshi, kuma masu gida suna ji a jikinsu ko ba ki ce komai ba.

Washegari muka je Kolosiyam, tsohon filin wasan nan na Roma. Ba zan ɓoye miki ba, da muka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na gan shi tsaye a gabana, na kasa ɗauke idona daga kansa. Abin da na yi ta zanawa da alli ga shi ya tare sama. Na juyo in kama hannunki in ce miki ga shi, sai na ga kin yi gaba da Baba Ƙarami, don shi ya san ƙofar da layinta ya fi sauƙi. A ciki ya tsaya da ke a bakin shingen da ake leƙa tsakiyar filin. Ya rage murya ya ce miki a nan ne aka riƙa sakar wa masu bin Ubangiji zakoki, suna waƙa har su mutu. Na ga idonki ya ciko. Anti Rahila ta sunkuyar da kai tana addu'a. Mamanki ta dafa kafaɗarki.

Sai na yi gyaran murya na ce ba haka ba ne. Na ce masana ba su da tabbacin a wannan filin aka yi hakan, yawanci a wani wuri dabam ne cikin garin, labarin daga baya aka jingina shi da nan. Na kawo hujja, na ƙara wata. Kuma gaskiya na faɗa, har gobe in kika bincika haka za ki samu. Yakubu ya yi dariya ya ce to ai shi ya sa aka zo da malami. Ke kuwa kika share idonki da sauri, kamar an kama ki kina abin kunya, kika ciro waya kika hau dannawa. Daga nan har muka fita ba ki sake tambayar kowa komai ba.

Ba don gaskiya na yi maganar ba. Da don ita ce, da na bari sai mun koma gida muna cin abinci na kawo ta a hira, ku ji daɗinta. Na yi ne don ki san wa ya fi sani. Za ki shiga jami'a inda kowa ke ɗauke da abin da ya sani kamar makami. Kafin ki gyara wa mutum magana a gaban jama'a, ki tambayi kanki wa gyaran zai amfana. In amsar ita ce ke kaɗai, ki yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai a babban gidan tarihin da ke fadar Fafaroma ya faru. Tun ina saurayi nake da hoton silin ɗin ɗakin sujadar nan da aka zana, na yanko shi daga wata tsohuwar mujalla na manna a bangon ɗakina na makaranta. Shi na fi ɗokin gani a duk tafiyar. Amma kafin a kai gare shi sai an ratsa dogayen zauruka cike da gumaka da zane, cikin cunkoson da kafaɗa ke gugar kafaɗa. Kina riƙe da hannun rigar Baba Ƙarami don kada ki ɓata. Ni ina bayanku, ina kallon hannun nan naki.

Muka zo wani tsakar gida inda akwai gunkin dutse na wani mutum da 'ya'yansa maza biyu, macizai sun nannaɗe su. Kika tsaya cak. Kika tambayi Baba Ƙarami ko wane ne wannan, me ya yi. Ya ce shi dai bai sani ba, kullum in ya kawo baƙi jijiyar hannun mutumin kawai yake kallo. Sannan ya ce, "Tambayi babanki, wannan aikinsa ne."

Kika juyo gare ni. Na san labarin daga farko har ƙarshe. Na san garin da aka kewaye da yaƙi, na san gargaɗin da mutumin ya yi aka ƙi ji, na san yadda aka tono gunkin daga cikin ƙasa a wata gonar inabi. Wannan ne lokacin da na yi ta jira tun muna gida. Sai na ce miki, "Ai kina da mai yi miki bayani." Na wuce na bar ku tsaye.

Har yau ban gama gane yadda mutum zai ƙi karɓar abin da ya fi so don kawai ta hannun wani ya biyo ba. Amma haka kishi yake. Ba ya son a ba shi, so yake a ce tun farko nasa ne.

Da muka shiga ɗakin sujadar, masu gadi suna ta cewa a yi shiru, kowa ya ɗaga kai sama. Mutane daga kowace ƙasa, wuya a karye, baki a buɗe. Ni na samu gefe na tsaya ina neman inda kuke. Na hango ku a tsakiya. Ya sunkuyo yana raɗa miki wani abu, kina ƙunshe dariya. Na yi ta saƙa ko me yake gaya miki, ko ni kuke yi wa dariya. Na ɗaga kaina sau ɗaya ko biyu, na ga launuka da yawa, na sake sauke shi kanku. Can taron ya tura mu ƙofar fita. Saratu, in yau aka ce in faɗi abin da na gani a ɗakin nan, ƙeyarki da kafaɗar Yakubu zan iya kwatantawa. Silin ɗin kuwa har yanzu na mujallar nan na sani.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne asarar da ba a lura da ita. Mai kishi ba wanda yake yi wa kishin kaɗai yake cuta ba. Yana tsaye a ƙarƙashin rabonsa, idonsa na kan na wani. Allah zai kai ki wurare masu kyau. In kin isa, ki kalli abin da ya kai ki.

Ranar ƙarshe aka shirya zuwa maɓuɓɓugar nan da ake jefa kwabo, daga nan a hau tudu a ga garin gaba ɗaya, a sha askirim. Da safe na ce gwiwata na ciwo. Baba Ƙarami ya ce a ɗauki tasi, na ce a'a. Ya ce to a fasa, a zauna gida tare, na ce kada a ɓata wa yarinya rana saboda ni. Kin tsaya a bakin ƙofa kin ce, "Daddy, boleh lah, za ka iya, a hankali za mu tafi." Na ce ku je kawai. A raina so nake ku tafi ku ji babu daɗi, ku dawo da wuri kuna cewa da ina nan da ya fi.

Na yini a falo ni kaɗai. Na kunna talabijin ban ji abin da suke cewa ba. Na tsaya a taga ina kallon wata tsohuwa a ginin da ke fuskantarmu tana shanya kaya. A Roma nake, garin da na yi ta mafarki, ga ni ina kallon zanin gadon wata. Ba ku dawo da wuri ba. Da la'asar kuka shigo kuna dariya, hancinki ya yi ja da rana, kin riƙo mini askirim a kofi ya narke ya zama ruwa. Mamanki ta same ni a kicin ta ce a hankali, "Bulus, ba gwiwarka ke ciwo ba." 

Hoton da kuka ɗauka a bakin maɓuɓɓugar shi ne a kan kantar falonmu. Ku huɗu. Wani baƙo mai wucewa ne ya ɗauke ku. Duk lokacin da mutanen majami'a suka zo gida suka tambaya ina Malam a hoton, Mamanki takan ce ai shi ya ɗauka. Ta rufa mini asiri shekarun nan duka, ni kuma kullum in na zo wucewa sai na ga gurbin da ke gefenki.

Kada ki taɓa janye jikinki daga wuri don a ji rashinki. Mutane za su roƙe ki sau ɗaya, sau biyu, sannan su tafi, kuma za su ji daɗinsu. Ba mugunta ba ce, haka ya kamata. Ke ce za ki zauna da taga.

A filin jirgi Yakubu ya rungume ni ya ce in dawo in nuna masa garin da kyau, don shi zama kawai yake yi a cikinsa. Na ɗauka ba'a yake yi mini. Mun kusa sauka Kuala Lumpur kafin ya faɗo mini a rai cewa Yakubu bai iya ba'a ba, tun yana yaro abin da ke cikinsa shi ke bakinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce hutu ɗaya ne ya lalace. Amma yara suna koyo. Bayan mun dawo na lura kin daina ambaton Roma a gabana. In Baba Ƙarami ya kira ki, sai ki shiga ɗaki ki ja ƙofa. In ya aiko miki da hoton wani gini ko wani zane, Mamanki kike nuna wa, in na shigo ki kife wayar. Kin fara zane, kin fara karanta yadda ake gyara tsofaffin zane-zane da gumaka, abin da ya fi kusa da aikina a duk duniya, amma ba ki taɓa kawo mini tambaya ko ɗaya ba. Na ga littattafan a kan gadonki. Na yi ta jira ki zo. Ban tuna cewa kin taɓa zuwa na kore ki ba.

Sai bara, ranar wata Lahadi, mun fito daga sujada muna cin shinkafa a ganyen ayaba a shagon Indiyawan nan na Brickfields, Yakubu ya kira ni yana murna, ya ce barkanmu, makarantar ta ɗauki Saratu. Na ce wace makaranta? A nan na gane komai: wata makaranta ce a Roma. Kin nema, kin rubuta, kin yi hira da su ta kwamfuta, shi ya taya ki da harshe, Mamanki ta sani. Ni kaɗai ne a waje. Na dube ki a ƙetaren tebur, kika sunkuyar da kai kina wasa da shinkafa. Da na tambaye ki dalili a mota, kika ce ba ki so raina ya ɓaci.

Na yi fushi, kin sani. Na yi kwanaki ba na cin abinci tare da ku, sai in tsaya a hanya in yi tapau, a ƙunsa mini abinci, in shige ɗaki. Amma ko a cikin fushin na san ba ki yi ƙarya ba. Ni na koya miki cewa farin cikinki, in da hannun Baba Ƙarami a ciki, ciwo ne a wurina. Kika yi abin da 'ya mai tausayi za ta yi, kika ɓoye shi. Babu hukuncin da ya kai wannan, a ce 'yarka tana kare ka daga murnarta.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan tsorata ni. Kin tuna lokacin da ƙawarki Priya ta samu tallafin karatun da kuka nema tare? Kin dawo gida kin jefa jaka a kujera kin ce ai babanta ya san mutane. Mamanki ba ta lura ba. Ni kuwa na lura, don muryata na ji tana fitowa daga bakinki. Priya ta yi karatu, kin fi kowa sani, tare kuka riƙa yi a teburinmu. Ba ina tuna miki don in kunyata ki ba. Ina gaya miki ne cewa abin yana jininki, kamar yadda hawan jinin Kakanki yake a nawa. Wanda ya san yana da shi yakan kula da abin da yake ci. A can za ki haɗu da waɗanda suka fi ki hannu, waɗanda suka tashi da waɗannan zane-zane a bayan gidansu, waɗanda malami zai tsaya a kan aikinsu ya wuce naki. Za ki ji zafin nan a ƙirji. In kin ji shi, ki kira shi da sunansa a ranki, kada ki sa masa rigar gaskiya ko ta adalci. Sannan ki tashi ki je wurin mutumin ki ce ya nuna miki yadda ya yi. Ni ban taɓa gwada wannan da wuri ba, amma na ga masu yi, kuma sun fi ni kwanciyar hankali.

Yanzu ga roƙona game da gidan da za ki. Kin san Allah bai ba Baba Ƙarami da Anti Rahila haihuwa ba. Sun yi ta nema har suka bar wa Allah. Duk shekarun da na yi ina ƙirga abin da Yakubu ya samu, ban taɓa tsayawa na dubi wannan ba, don mai kishi gefe ɗaya na littafi yake karantawa. Za su zuba miki ƙaunar da suka daɗe suna ajiya. Ki karɓa da hannu biyu. Ki taya Anti Rahila aiki ba sai ta ce ba. In za ki yi dare ki sanar. In Baba Ƙarami ya tsawata miki, ubanki ne ya tsawata, kada ki kira ni don in warware.

Kuma kada ki taɓa rage masa daraja a wurina don ki faranta mini. Na san ki, za ki so ki ce mini abincinsu bai kai na gida ba, ko bayaninsa bai kai nawa ba. Zan ji daɗi in kin faɗa, shi ya sa nake hana ki. Kada ki ciyar da abin da nake ƙoƙarin kashewa da yunwa. In ya kai ki wani wuri kin ji daɗi, ki gaya mini yadda yake, da sunansa a ciki. In kin ji muryata ta canza a waya, ki ci gaba da maganarki. Nauyina ne, ba naki ba.

Ba zan ce miki na warke ba. Makon nan da kike haɗa kaya kina rera waƙa, na tsaya a ƙofar ɗakinki na ji abin ya taso mini. Ina kishin Yakubu da zai riƙa ganin ki kowace safiya. Ina kishin garin da zai san ki kina babba. Kai, har ke kanki ina kishinki, yarinyar da za ta sa hannu ta taɓa abin da ubanta ya ƙare rayuwarsa yana nunawa a hoto. Na faɗa miki ne don kada ki yi zaton shiruna na rashin yarda ne. Na yarda da tafiyar nan da dukan zuciyata. Zuciyar ce kawai take da wani tsohon ɗan haya da ya ƙi tashi.

Jiya da rana, bayan ruwan sama ya ɗauke, na fita baranda na kira shi. Mun yi maganar lokacin saukar jirgi da rigar sanyi. Sai na ce masa, "Yakubu, ga 'yarka nan tafe." Da ƙyar kalmar ta fito.  Sannan ya ce, "Yaya, aro ka ba ni. Zan dawo maka da ita." Na ce masa na gode. Ban gaya masa ba, amma na san irin wannan aron ba ya dawowa yadda aka ba da shi. Wadda za ta dawo mini wata mace ce da ta san abubuwan da ban sani ba, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin zama a gabanta in yi tambaya.

Gobe zan ɗaukar miki akwati har tashar KL Sentral, in bi ki a jirgin ƙasa zuwa filin jirgi. In kin ga ban yi magana da yawa ba, kin riga kin san dalili.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga mugun aboki da mugun tunani, ya ba ki hannu mai kyau da ido mai ƙoshi. Ya albarkaci gidan da zai karɓe ki da masu gidan. Ya sa mu sake ganin juna da rai da lafiya. Mamanki na gaishe ki, ko da yake tana ɗaki ɗaya da ke yanzu tana faɗa da zif. Ki gai da Anti Rahila. Ki gai da ƙanena.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Bulus